Darasi: Badala da Baɗala

Unguwar Zaitawa tana cikin badala. Duk Bakanon da ya karanta wannan jimla zai gyaɗa kai ya wuce, domin gaskiya ce tsantsa. Zaitawa ɗaya ce daga mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Birni, tare da irin su Yakasai, Sheshe, Zango, Jakara, Kankarofi da Ɗan'agundi, kuma tana cikin tsofaffin unguwannin da ganuwar Kano ta kewaye. Amma da mai rubutu zai yi ganganci ya lanƙwasa kan harafi guda, ya rubuta cewa unguwar tana cikin baɗala, to sai ya shirya zuwa zauren mai unguwa ya yi bayani. Ya bar kwatancen wuri, ya koma cin mutuncin dattawa.

Kalma ta biyun, mai lanƙwasa, ita ce abin karatunmu. Sai dai dole a fara raba ta da takwararta, musamman yanzu da yawancin saƙonnin waya ke zuwa babu lanƙwasa ko ɗaya, faɗa ya zama fada, baƙi ya zama baki, mai karatu ya yi ta lalube.

Ta farko, wadda aka gina da ƙasa

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya ɗora harsashin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, da ya hau gadon sarauta a 1463, ya faɗaɗa ta, aka sake ƙara mata faɗi a zamanin Muhammadu Nazaki cikin ƙarni na 17. Asalin abin da ake kira badala shi ne tudun da ke jikin ganuwar ta ciki, inda mayaƙa ke tsayawa su leƙa waje su saki kibiya. A hankali sunan ya mamaye ganuwar gaba ɗaya. A bakin mutumin Kano na yau, "cikin badala" na nufin birni na asali, su Fagge da Sabon Gari da Nassarawa kuwa waje ne. Idan mutum ya bugi ƙirji ya ce shi ɗan cikin badala ne, alfahari yake yi da asali.

Tun da sojojin Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, aikin tsaro ya ƙare wa ganuwa. Ruwan sama ya zaizaye ta, masu gini suka yi ta ɗibar ƙasarta, wasu sassan suka koma kango da kududdufi. Daga nan ne wani labari ya samo tushe. Za a ji wasu na cewa wai da ganuwa ta zama kufai, sai 'yan caca da mashaya da masu neman inda ido ba ya kaiwa suka mayar da kanta mafaka, shi ya sa aka riƙa kiran aikinsu da sunan wurin. Labarin yana da daɗin ji, kuma gaskiya ne ɓata-gari sun sha fakewa a jikin ganuwa. Amma harafin nan mai lanƙwasa yana nuna wata hanya dabam.

Ta biyu, wadda ta zo daga littafi

A Larabci akwai harafin ɗa, mai hannun nan a tsaye, wanda duk wanda ya riƙe allo ya sani. Idan kalmar Larabci mai wannan harafi ta shigo Hausa, galibi da ɗ take zama. Haka aka samu ɗalibi, ɗabi'a, ɗahara, ɗawafi, ɗa'a, sharaɗi da baɗini. Baɗala ma a wannan ayari ta shigo. Tushenta ɗaya da baɗili, wato abin da ba shi da tushe, kishiyar gaskiya. A Larabci kalmar da ta haife ta tana nufin zaman banza da rashin aikin yi, har gobe kuma da ita jaridun Larabawa ke kiran matsalar rashin aiki a tsakanin matasa.

A Hausa ma'anar ta matsa gaba da taki ɗaya. Bahaushe bai tsaya a kan zaman banzan ba, ya tafi kai tsaye ga abin da zaman banza ke haifarwa. Duk uwar da ta taɓa korar ɗanta daga bakin layi da rana tsaka, tana cewa ya tafi kasuwa ko wajen ɗinki ko makaranta, ta san dangantakar da ke tsakanin ma'anonin biyu ko da ba ta taɓa buɗe ƙamus ba.

To mece ce baɗala a Hausar yau? Ita ce aikin rashin ɗa'a da rashin kunya, galibi wanda ya shafi sha'awa da holewa: zina da abin da ke kai wa gare ta, bayyana tsiraici, rawar batsa, cakuɗuwar maza da mata ba bisa ƙa'ida ba, shaye-shaye a wurin taro. Akwai kuma wani sharaɗi da ba kasafai ake faɗinsa ba, amma shi ne ƙashin bayan kalmar. Baɗala tana son idon jama'a. Abu ne da ake yi a fili, ko a wurin da aka tanada dominsa, ko da taron mutane, ba tare da jin nauyin kowa ba.

Ga misali daga gidan biki. A wani gida a lungun cikin birni, ana gobe ɗaurin aure, mata sun cika tsakar gida, an kifa ƙore a kan ruwa cikin manyan masakai, ana kiɗan ƙwarya. Waƙoƙin da ake rerawa a irin wannan zama, irin salon amada da Barmani Choge ta shahara da shi, wasunsu in namiji ya ji sai ya sunkuyar da kai. Tsofaffi ne ma ke jan baitin, suna tsokanar amarya. Babu mai kiran wannan baɗala, domin ƙofar gida a rufe take, zaure ya raba tsakani. Washegari da yamma sai abokan ango suka kafa manyan lasifika a bakin layi, samari da 'yan mata suka shiga fili, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Gwaggon ango, wadda jiya ita ce ta fi kowa juyi a tsakar gida, ta leƙo daga zaure, ta yafito angon.

"Kai, zo nan. Wace irin baɗala ce wannan a ƙofar gidan Malam?"

"Haba Gwaggo, ai biki ne. Ku ma jiya kun yi naku."

"Namu wa ya gani? Maza ka ce su kashe, kafin a kira magariba."

Ba munafunci gwaggon ta yi ba. Ta yi amfani da kalmar daidai yadda harshen ya ajiye ta. Abin da ya sauya tsakanin jiya da yau shi ne wuri, da idon da ke kallo, da kuma wayar da za ta kai hoton inda ba a zata ba.

Dangi da maƙwabta

Hausa ba ta da talaucin kalmomin aibu, kuma mai koyon rubutu yana bukatar sanin inda kowace ta tsaya. Zunubi tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, yana iya zama a ɓoye cikin zuciya. Hassada zunubi ce, riya zunubi ce, amma ba a taɓa jin an kira su baɗala ba. Laifi ya fi kowace faɗi, tun daga yaron da ya fasa tulu har wanda aka gurfanar gaban alƙali. Fasiƙanci kalmar malamai ce, ana jingina ta ga wanda ya dawwama a kan saɓo har ya zama ba a karɓar shaidarsa. Alfasha ta fi karkata ga munin abin kansa, ko aiki ko furuci, shi ya sa ake cewa bakin wane cike yake da alfasha. Masha'a da sharholiya sun fi nuna holewa da ɓarnar dukiya a kan jin daɗi, su ne suka fi kusa da baɗala, har sukan zo a jimla ɗaya.

Iskanci kuwa kalmar titi ce, kuma nauyinta ya dogara da bakin da ta fito. Aboki zai ce wa abokinsa "ka cika iskanci" su tafa su yi dariya. Babu abokin da zai ce "ka cika baɗala" a ci gaba da shan shayi. Baɗala ba ta shiga wasa.

Wadda ta fi bukatar a tsaya a kanta ita ce lalata. Daga lalacewa ta fito, kuma kafafen labarai suna amfani da ita wajen sakaya zina: "an kama shi yana lalata da wata." Sakayawar ba laifi ba ce, kunya ce ta harshe. Matsalar ita ce sau da yawa da wannan kalma ɗaya ake ba da labarin babban mutum da ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe. Idan aka ce "ya yi lalata da ita," sai jimlar ta raba laifin gida biyu, kamar da yardarta aka yi. Haka ma idan aka kira shi baɗala. Fyaɗe sunansa fyaɗe, zalunci ne, kuma mai rubutu ya kira shi da sunansa.

Yadda take zama a jimla

Baɗala suna ce, jinsin mace. Ana cewa "baɗala ce," ba a cewa "baɗala ne." Idan za a nasabta ta sai a ce "baɗalar da aka yi jiya." Ba ta da aikatau nata na kanta, sai an ɗauko mata wani, kuma wanda aka ɗauko yana nuna matsayin mai magana. Ɗan jarida zai ce "aikata baɗala," don ya tsaya a tsakiya. Wanda ransa ya ɓaci zai ce "tafka baɗala." Mai wa'azi zai yi maganar "yaɗa baɗala" da "yawaitar baɗala." Hukuma kuma "yaƙi da baɗala" take yi, ko "kau da baɗala." Wurin da ake taruwa a yi ta shi ne "matattarar baɗala." Ba a saba yi mata jam'i ba, sai dai a ce "ayyukan baɗala."

Me ya sa 'yan jarida da hukumomi ke ƙaunar wannan kalma haka? Domin tana faɗin abu ba tare da ta faɗe shi ba. A shari'ar Musulunci, wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu 4 ba ya yi ƙazafi, hukuncinsa bulala 80, kamar yadda ya zo a Suratun Nur. Kalmar baɗala tana ba mai magana hanyar ratsewa. Idan aka ce an kama mutum 30 a wani otal "bisa zargin aikata baɗala," ba a ce ga takamaiman abin da kowannensu ya yi ba. Wata ƙila rawa ta yi, wani ƙila lemo kawai yake sha, wani kuma ƙila ya yi abin da ya fi haka. Amma mai sauraro a gida, da ya ji kalmar, mafi munin ma'anar yake ɗauka, ya shafa wa dukkansu. Yarinyar da aka sako washegari ba tare da an same ta da komai ba za ta koma unguwar da kowa ya riga ya yanke mata hukunci, kuma a cikin birni, inda katangar wannan gida ita ce ta wancan, irin wannan tabo yakan bi mutum har ranar da za a zo binciken aure.

Kalmar a bakin hukuma

Hani da mummuna ba sabon abu ba ne a Kano. Shehu Magili ya zo birnin a zamanin Rumfa, ya rubuta wa sarki nasiha a kan mulki da kuma tsawatar wa jama'a daga haram. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami a nan Kano, wajen 1806, saboda mutanen garin sun nemi ya bar musu abin da za su yi hukunci da shi. Mawaƙan ƙarni na 20 ma sun ɗauki gabarar, irin su Mu'azu Haɗeja da ya yi waƙoƙi a kan giya da karuwanci.

Amma shigar kalmar baɗala bakin kowa, safe da yamma a rediyo, ta ƙaru ne bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i. A 2003 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Hisba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu a 2004, sannan a 2005 aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo babura masu ƙafa uku. Shirin ya wuce, sunan ya maƙale wa baburan, har yau da shi ake tsayar da su a titi. A 2007 wani faifan bidiyo da ya fita daga wayar wasu ya girgiza masana'antar fim, aka dakatar da ɗaukar fina-finai na tsawon watanni, aka ɗaure wasu 'yan fim. A shekarar ce kuma aka ƙona wasu littattafan soyayya a bainar jama'a, bisa hujjar suna ɓata tarbiyya. A Nuwamban 2013 Hisba ta farfasa kwalaben giya 240,000 a rana ɗaya.

Kowanne daga waɗannan, da sunan yaƙi da baɗala aka yi shi, kuma kusan kowanne ya jawo muhawara a kan iyakar kalmar. Marubutan da aka ƙona wa littattafai ba su yarda cewa labarin soyayya baɗala ne ba. Da yawa daga masu karanta su ma matan aure ne a cikin gidajensu.

Muhawarar da ta fi fitowa fili ita ce ta 2024. Hisba, ƙarƙashin Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa, ta shiga wani samame da ta raɗa wa suna Kau da Baɗala, tana bin otal-otal da wuraren shaƙatawa da masu wallafa bidiyon batsa a TikTok. A ƙarshen Fabrairu, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya gaya wa taron malamai a gidan gwamnati cewa bai ji daɗin yadda ake kamen ba, musamman yadda ake ɗaukar mata ana jefa su cikin mota. Ranar 1 ga Maris Daurawa ya sanar da ajiye muƙaminsa. Malamai suka shiga tsakani, cikin 'yan kwanaki ya koma kujerarsa. Abin lura ga mai nazarin kalma shi ne, a duk wannan taƙaddama babu ɓangaren da ya ce baɗala abu ne mai kyau. Saɓanin a kan hanya yake: wa za a kama, ta yaya, kuma ina iyakar shiga sirrin mutane, tunda Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin jama'a.

Ita ma hukumar ta san kame kaɗai ba ya magani. Tun 2012 take shirya auren zawarawa da 'yan mata da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, kuma a Oktoban 2023 an ɗaura wa mutum 1,800 aure da amarensu, aka haɗa wa amaren da kayan ɗaki da ɗan jari. A nan kalmar ta yi kusa da komawa gidanta na asali, wato rashin abin yi.

Abin da kalmar ba ta ɗauka

Akwai wata kalma mai kama da ita a kunne, badaƙala. Ita wannan ta kuɗi ce da maguɗi da rikitaccen al'amari, kamar badaƙalar tallafin man fetur da ta tayar da ƙura a Nijeriya a 2012. 'Yan uwanta su ne almundahana, sama da faɗi, rub da ciki da handama. Ba daidai ba ne a rubuta "baɗalar kuɗin fansho," badaƙala ake cewa.

Wannan rabon aiki yana da kyau ga nahawu, amma yana da abin dubawa. A littattafan magabata, babban aikin mai hisba a kasuwa yake: duba mudu da sikeli, hana algus, hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Mai tauye mudu a kasuwar Kurmi da mai rawar banza a bakin titi duk a babi ɗaya suke, babin munkari. A Hausar yau kuwa sun rabu. Wanda ya cinye kuɗin maganin asibiti "ana zarginsa da badaƙala," kalma mai sanyi da ba ta hana shi sahun gaba a masallaci ko kujerar babban baƙo a wurin ɗaurin aure. Yarinyar da ta yi rawar minti ɗaya a waya kuwa "ta tafka baɗala," kuma kalmar za ta riga ta isa gida. Duk wanda ya saurari labaran rediyo na mako guda yana lura da waɗanda ake jingina wa kowace kalma, zai ga ɗaya ta fi sauka a kan matasa da mata da talakawa, ɗayar kuma a kan masu manyan riguna.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta jimla biyu, ɗaya da badala, ɗaya da baɗala, ya karanta su da ƙarfi a gaban aji har a ji bambancin harafin. Sannan a raba aji gida uku. Rukuni na farko su saurari labaran yamma a kowace tashar rediyo ta Kano har kwana uku, su rubuto duk jimlar da aka ambaci baɗala, lalata ko badaƙala, da wanda aka jingina wa. Rukuni na biyu su tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwa abin da ake kira baɗala a zamanin ƙuruciyarsu, da abin da ake yi wa wanda aka samu da ita. Rukuni na uku su ɗauki wannan jimla, "An kama matasa 12 suna aikata baɗala a wajen biki," su sake rubuta ta ta hanya biyu: yadda wakilin gidan rediyo ya kamata ya faɗe ta kafin a kai kowa kotu, da yadda mahaifin ɗaya daga cikin yaran zai ba mai unguwa labarin.